Karatun Littafi Mai Tsarki a Inda Babu Mai Tashe Ka

Tun da na baro gida na zauna a Ingila, babu abin da ya ba ni wuya a rayuwata ta bangaskiya kamar riƙe karatun Littafi Mai Tsarki kowace rana, alhali a da ina ɗaukar kaina mai naci a kansa. Sai da na yi nisa na gane cewa nacin nan na aro ne. A gida akwai mai tashe ka, akwai mai buɗe littafin ya karanta kowa yana ji, kuma kunyar idon iyaye kan zaunar da mutum ko da hankalinsa yana wani wuri. A nan kuwa, ko na yi mako guda ban buɗe shi ba, babu wanda zai sani.

Kayan karatu dai sun fi yawa a nan. A wayata akwai fassarori da dama, akwai kuma manhajar da ke aiko mini da aya guda kowace safiya, kuma na yi watanni ina ɗauka cewa wannan ya wadatar. Yanzu ina ganin bai wadatar ba, domin waɗanda suka rubuta littattafan nan ba su yanka su aya aya ba. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari da muke bi a yau sai a 1551 mai buga littattafai Robert Estienne ya sa su. Filibiyawa 4:13, ayar da ke cewa zan iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa ni, wadda ake yawan aikawa kamar alkawarin nasara a kowace harka, tana cikin wasiƙar da Bulus ya rubuta yana tsare, kuma ayar da ke gabanta tana magana ne a kan yadda ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da yalwa da rashi. Wanda ya karanta surorin wasiƙar huɗu a jere zai ga hakan da kansa, kuma a wurin baƙon da ke fama da kaɗaici wannan ma'anar ta fi ƙarfafa zuciya.

Na kuma gwada tsarin gama littafin cikin shekara guda. Surori 1,189 ne, kuma jadawalin da faston nan na Sukotlan, Robert Murray M'Cheyne, ya tsara a 1842 yana bukatar kimanin sura huɗu a rana. Ina girmama masu iya bin sa, amma ni da na tsallake kwanaki kaɗan sai bashin karatun ya taru, na koma ina gudu a kan shafuffuka don in cike gurbi, ba tare da wani abu ya zauna a raina ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne lokaci guda tsayayye kafin in fita aiki, da rabin sura kawai, da karantawa da murya cikin Hausa. Na fara da Markus, mai surori 16. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki a harshenmu, amma ban san darajar wannan ba sai da na lura cewa Turanci nakan karanta shi da sauri kamar takardun ofis, Hausa kuwa takan tsayar da ni a kan kalma har in yi addu'a a kanta. Idan na rasa rana, ba na ƙoƙarin ramawa, sai in ci gaba daga inda na tsaya, ina tuna cewa a Fitowa 16 an umarci Isra'ilawa su tattara manna ta yini guda kawai, wato abincin da Allah yake saukar musu a jeji.

Zaman nesa ya sa tambayoyin da nake kawowa gaban Nassi sun zama nawa, wannan kuwa riba ce da ban samu a gida ba. Abin da har yanzu nake kewa shi ne wanda zan faɗa wa abin da na karanta ya gyara mini inda na kauce, shi ya sa kowace Lahadi da yamma nakan kira yayana mu bi surorin makon tare.