Gidan Bakano Mai Shan Mai

A birnin Houston na jihar Texas aka yi abin. Bakano ya daɗe yana tura motoci gida ta jirgin ruwa, kuɗi sun zauna, sai idonsa ya faɗa kan motocin nan da Amurkawa ke ce wa RV, masu ɗaki da falo da kicin a ciki. Ya rantse sai ya sayi babbar cikinsu. Da ƙyar Bazazzagi ya lallashe shi ya fara ɗaukar hayar kwana uku. Suka ɗauki Hajiya da Baffa Bafulatani, wanda ya zo duba ɗansa likita, suka kama hanyar San Antonio.

Bakano: Baffa, ɗaga kai ka sha kallo. Ƙafa 36 ne tsawonta. Ga gado, ga firji, ga banɗaki. In na danna wannan maɓalli bangon falo ya matsa waje, ɗaki ya ƙara faɗi. Kano tumbin giwa! Ko da me ka zo an fi ka.

Bafulatani: Aradu na gani. To ina shanun?

Bakano: Waɗanne shanu kuma?

Bafulatani: Mutum ya tashi da gidansa kacokan, ba kiwo zai je ba? Mu ciyawa ke tashinmu. Kai me ya kore ka?

Bakano: Hutu, Baffa. Shaƙatawa.

Bafulatani: Gidanka na can ba a hutawa a ciki?

Bazazzagi: Bar shi, Baffa. Bawana ne, ni na san halinsa. Wai jiya da cek ya je, zai biya sama da dala dubu ɗari a kan motan da bai taɓa zama a kujeransa ba.

Bakano: "Motan," "kujeransa." Mutanen birnin ilimi, har yau ba ku raba mace da namiji ba. Mota mace ce, bawan Allah.

Bazazzagi: To riƙe ta da kyau, ga tirela nan zai wuce ka.

(Tirela ta wuce, iska ta kwashi motar ta yi gefe. Tukwane suka amsa daga kicin.)

Hajiya: Innalillahi! Alhaji, miyar kuka ta tafi!

Bakano: Ina ta tafi?

Hajiya: Rabi a bango, rabi a kan dardumar mutane.

Bazazzagi: Kuɗin ajiyar da ka bari a wurin masu haya, ka fara yi musu addu'a.

(A gidan mai. Bakano yana riƙe da kan famfo, yana kallon lambobi suna gudu.)

Bakano: Wannan famfon ya lalace. Tun ɗazu bai tsaya ba.

Bazazzagi: Lafiyarsa ƙalau. Tankin galan 80 yake ci. In ka yi sa'a, galan ɗaya ya kai ka mil 8. Daga Houston zuwa San Antonio kusan mil 200 ne, ka ga galan 25 ke nan a zuwa kaɗai.

Bakano: A ce dala uku-uku... cika tanki dala 240. In na juya shi zuwa naira...

Bazazzagi: Kada ka juya. Babu asibiti a kusa.

Bakano: Corolla ɗina fa, galan 13 ta ƙoshi har ta yi gyatsa.

Bazazzagi: Ban gama ba. Takardar hayar da ka sa wa hannu ba ka karanta ba, an yanka maka mil ɗin da za ka yi a rana, abin da ya haura ka biya. Janareta ma ana ƙirga masa awa.

Bakano: Hajiya! Kashe na'urar sanyin nan!

Hajiya: A zafin Texas? Sai dai ka sauke ni.

Bafulatani: Alhaji, saniya in ta ci ciyawa tana ba da nono. Wannan in ta sha mai me take bayarwa?

Bakano: Daraja, Baffa.

Bafulatani: Ana damawa da fura?

(Sun isa sansanin masu irin waɗannan motoci. Sai an shiga da baya.)

Bakano: Baffa, sauka ka duba mini baya. In na kusa bishiya ka yi magana.

Bafulatani: Taho. Taho. Hayya, taho!

(Ƙara. Reshe ya faɗo.)

Bakano: Ba na ce ka yi magana ba!

Bafulatani: Ƙasa nake kallo. Ban taɓa kora dabbar da ta kai ƙafa goma sha biyu a tsaye ba. Ko raƙumi yana sunkuyawa.

Bazazzagi: Kuɗin ajiya, Allah ya jiƙan rai.

(Da aka samu ta tsaya, aka sauke ƙafafun ƙarfe don ta daidaita, aka jona wuta, aka jona ruwa, aka buɗe bango. Awa guda cur. Bakano ya shimfiɗa darduma a falo.)

Bakano: Alƙibla ta wajen firji take, ko?

Bazazzagi: Da safe ke nan. Ka juya gidan sau huɗu tun lokacin. Yanzu banɗaki kake kallo.

Hajiya: Alhaji, babu gishiri. Na manta shi a gida.

Bakano: To a aika yaro.

Hajiya: Wane yaro? Kanti mil shida ne daga nan.

Bakano: Sai in ɗauki mota in...

(Ya yi shiru. Ya kalli wayar wuta, ya kalli tiyon ruwa, ya kalli bango.)

Bazazzagi: Ƙarasa mana. Ka naɗe gidan gaba ɗaya, da Hajiya da tukunyarta a kan wuta, ku je sayen gishirin dala ɗaya. Shi ya sa kake ganin masu irin wannan suna jan ƙaramar mota a baya kamar jela.

Bakano: Wato bayan mota, sai na ƙara sayen wata motar da za ta yi wa motar aike?

Bazazzagi: Dubi maƙwabcinka. Nasa ɗaki ne kawai mai taya, a-kori-kura ke jan shi. Ya iso, ya kwance shi, ya shiga gari abinsa. Ba inji a jikin ɗakin, shi ya sa ya fi araha nesa ba kusa ba.

Bafulatani: Wannan ya yi hankali. Mu ma ba ma zuwa kasuwa da bukka a kai.

Bakano: Ni ba ni da a-kori-kura.

Bazazzagi: Sai ka saya.

Bakano: Kai duk maganarka a "saya" take ƙarewa. Waccan ƴar ƙaramar fa, mai kama da bas ɗin Kano zuwa Zariya?

Bazazzagi: Ajin B ke nan. Taka ajin A ce. Waccan tana shiga ko'ina, tana fakin inda mota ke fakin, mai kaɗan take sha. Akwai hanyar dutse a gandun Glacier, can Montana, da ba a barin abin da ya wuce ƙafa 21 ya hau. Ita ta wuce, kai ka tsaya a ƙasa kana ɗaga mata hannu.

Bakano: To ai ita ce ta talaka.

Bazazzagi: Je ka tambayi kuɗinta. Wata sai ta kamo taka. Kuma wurin wanka da masai wuri ɗaya ne, kana zaune kana wanka.

Hajiya: Allah ya kiyaye. Ina zan sa tukwanena? Turmi fa?

Bazazzagi: Akwai ta tsakiya, ajin C, mai gado a saman kan direba.

Bakano: Wa zai kwana a saman kaina ina tuƙi?

Bafulatani: Ni dai na kwana a kan bishiya saboda kura, amma ban taɓa kwana a kan Kaɗo ba.

(Rana ta uku. Wata fitila ta kama ja a bango.)

Hajiya: Alhaji, banɗaki ya ƙi. Kuma akwai wani wari.

Bazazzagi: Baƙin tanki ya cika. Duk abin da muka yi tun ranar Juma'a yana nan ƙarƙashinmu, tare muke yawo da shi. Ga safar hannu, ga tiyo. Ka jona, ka ja marfin baƙin tukuna, sannan na ruwan wanke-wanke ya ɗauraye tiyon.

Bakano: Ni? Da babbar rigata? Ni da na sauke farali sau uku? Ina masu kwasar masai?

Bazazzagi: Kai ne mai gida, kai ne direba, kai ne yaron mota, kai ne mai kwasa. A wasu wuraren ma sai ka biya kafin a bar ka ka zubar.

Bafulatani: Tsaya. Biya zai yi?

Bazazzagi: Biya.

Bafulatani: Aradu duniya ta juye. Mu in muka sauka a gonar Kaɗo da rani, shanu suka yi abinsu, shi ke kawo mana dawa yana godiya. Kai ka ɗauko naka tun daga Houston, ka saya masa mai, ka kai shi yawon buɗe ido, sannan ka biya a karɓa.

(Bakano ya naɗe hannun riga, ya toshe hanci, ya tsuguna. Can ya ɗago.)

Bakano: Bazazzagi, na fasa. Gobe da sassafe zan mayar musu da kayarsu. Kwana ukun nan ko a maƙiyi. Kuma maganar nan ta mutu a nan, kada wanda ya ji a gida.

Hajiya: Af. Ai tun ranar Juma'a na sa hotonta a WhatsApp.

Bakano: Kika rubuta me?

Hajiya: "Sabon gidanmu, Alhamdulillah."

(Wayar Bakano ta fara ruri a aljihu, hannuwansa duka biyu suna kan tiyo.)

Bazazzagi: Bari in duba maka. Kawunka ne na Fagge. Ga saƙo ma ya turo: yana taya murna, kuma rufin ɗakinsa yana yoyo.

Bakano: Ce masa haya ce!

Bazazzagi: Ya ce ya sani, haka masu kuɗi ke cewa.