Sun karɓi kuɗin inshora, da ciwo ya zo suka ce tsohon ciwo ne

Wata na huɗu ke nan ina bin wani kamfanin inshora kamar mai bara, alhali kuɗina ne a hannunsu. Duk wanda ya taɓa neman bizar shiga Faransa ya san ba a kallon takardunka sai ka haɗa da inshorar lafiya da za ta ɗauki nauyin aƙalla yuro 30,000. Na biya, suka buga mini takarda mai hatimi, na tafi da ita cikin jaka hankalina kwance.

Ƙanena da ke aiki a Lyon ne ya dage sai ya kai ni na ga dusar ƙanƙara. Muka hau zuwa Val Thorens a tsaunukan Alps, gari ne a tsawon mita 2,300, ba wurin wasan zamiyar ƙanƙara a Turai da ya kai shi hawa. Kwana na biyu muka shiga akwatin nan da waya ke ja sama, ya sauke mu a Cime Caron, wajen mita 3,200. Ko takalmin zamiyar ban gama ɗaurewa ba na ji kamar an soka mini wuƙa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Zafin ya haura har kafaɗa. Na durƙusa a kan ƙanƙara ina amai, safar hannuna ta jiƙe sharkaf, gumi na keto mini cikin wannan sanyin. Ƙanena sai cewa yake, "Yaya, dube ni, kar ka rufe ido!" yana kiran 112 hannunsa na rawa.

Aka sauko da ni kwari, zuwa asibiti a Albertville. Hoton ciki ya nuna jini ya daina isa wani ɓangare na saifata. Tambayar farko da likita ya yi mini ita ce ko ina da sikila. Na ce ni AS ne, wato na gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayena kawai, ban taɓa kwanciya saboda shi ba tunda aka haife ni. Ya bayyana mini cewa a saman dutse iskar shaƙa na raguwa, sai jajayen ƙwayoyin jinin mai AS su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyin saifa. Gajiya da ƙarancin ruwa a jiki na ƙara tsananta abin. Suka sa mini oksijin, suka yi mini ƙarin ruwa, suka ba ni maganin kashe zafi. Allah ya saka musu da alheri, su kam sun yi aikinsu.

Masu inshora fa? Lambar gaggawar da suka rubuta da manyan baƙaƙe, ƙanena ya kira ta ya fi sau goma, kiɗa kawai ake sa masa har katinsa ya ƙare. Dole ya biya komai daga aljihunsa, har da kuɗin ma'aikatan ceto, domin a Faransa wanda aka ɗauko daga filin zamiya shi ake cajin kuɗin ɗaukowar. Da na dawo gida na tura rasit, sai ga amsa layi uku: wai ciwona tsoho ne, ban bayyana shi ba lokacin sayen inshorar.

Wane tsohon ciwo? AS ba cuta ba ce! Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya haka jininsa yake, muna noma, muna kasuwa, muna azumi lafiya ƙalau. Kuma fom ɗin da suka ba ni babu ko gurbi ɗaya da ya tambayi ko mutum AS ne. Suna sayar wa 'yan Najeriya takarda kullum, sun san jininmu sarai, amma ba su tambaya ranar karɓar kuɗi, sai ranar biya. Da na kawo musu wannan hujja, sai suka sauya baki: wai wasan ƙanƙara ba ya cikin yarjejeniya. Ni da ko taku ɗaya ban zame ba, a tsaye ciwon ya same ni!

Kuɗin da yaron nan ya kashe na lefensa ne da ya yi shekara biyu yana tarawa. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, wannan shirun nasa ne ke hana ni barci. Ranar Litinin zan kai ƙara hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, da rahoton likita da rasit da amsoshinsu guda biyu masu karo da juna.