Yadda fuskar Alhaji ta yi ta ƙanƙancewa

Kun dai san Oga da gajen haƙuri. Ya ce ya gaji da rage hotuna ɗaya bayan ɗaya, sai na haɗa masa fulda a kwamfutar Linux ɗin shago: manhajar inotifywait mai lura da abin da ke shiga fulda na gadi, da zarar hoto ya shigo manhajar gyaran hoto ImageMagick ta rage shi zuwa rabi, umarnin buga takarda lp ya tura wa firinta. Na ma ɗora inotifywait a kan close_write (an gama rubuta fayil) maimakon create (an fara ƙirƙirar fayil), don kada ya cafki hoton da ba a gama kwafa daga filasha ba. Aiki tsaf. Oga ne ya dage sai ragaggen hoton ya fito a fuldar da aka jefa na asali, wai ba shi da lokacin neme-neme.

To ai inotifywait bai san ɗan gida da baƙo ba. Duk fayil ɗin da aka gama rubutawa a wurin, sabo ne a gunsa.

Alhaji na zaune yana jiran hotonsa, na jefa, na harɗe hannuwa. Faɗin 4000 ya koma 2000, firinta ta fitar. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ga zamani?" Ban rufe baki ba ta sake ja. Ga na 1000, ga na 500, ga na 250. Sunan fayil ya zama alhaji_karami_karami_karami. Shi kuwa yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa a haske, fuskarsa na tafiya har ta kusa ƙwayar gero. Ya dube ni ya ce, "Yaro, wannan na ƙarshen a ina zan liƙa shi?"

Na danna Ctrl+C don in tsayar da aikin. Firinta ko a jikinta, domin aikin ya riga ya taru a layin CUPS, manhajar da ke jera ayyukan firinta, sai da na buga cancel -a na soke su duka.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne mutumin nan na bakin taga. Ko bambancin fulda da fayil bai sani ba, amma shi ne mai cewa, "Injiniya, a cire waya mana!" Bashin katin da na saya masa tun azumi bai biya ba, yanzu kuma ko mai shayi Injiniya yake kirana, duk aikinsa ne.

Ragaggun hotuna dai yanzu fuldarsu daban, ba a cikin wadda ake gadi ba, na kuma ƙara --exclude don inotifywait ya tsallake duk sunan da ke da karami. Kuɗin takardar hoto an ce a albashina. Oga har yau yana tambaya ina hotunan suke fita.