Lambar da ke ƙarshen sunan fayil alkawari ce

Akwai wata ɗabi'a da nake yawan gani a wajen masu ɗora laburaren manhaja (tarin shiryayyun umarni da sauran manhajoji ke aiki da su) a rumbun da jama'a ke tarayya a kansa, wato raɗa wa fayil suna yadda ransu ya so, kamar su kaɗai ne za su yi amfani da shi. A ganina wannan ganganci ne, domin a Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, sunan fayil ɗin laburare yana ɗauke da alkawari tsakanin wanda ya rubuta shi da duk manhajar da ta dogara da shi.

Mu ɗauki zlib, laburaren da ke matse bayanai. Ainihin fayil ɗin yana iya zama libz.so.1.2.11, amma manhajar da aka gina a kansa, idan aka kunna ta, libz.so.1 kawai take nema. Lambobin ƙarshe suna canzawa duk lokacin da aka toshe wata ɓaraka, ita kuwa lamba 1 ɗin ba a taɓa ta sai an yi sauyin da tsofaffin manhajoji ba za su iya jurewa ba. Wannan ne ya sa libc.so.6, babban laburaren da kusan kowace manhajar Linux ta dogara da shi, ke nan da sunansa tun 1997, duk da ɗimbin gyare-gyaren da aka yi masa.

Da OpenSSL, laburaren ɓoye sirrin bayanai, ya fitar da siga ta 3.0 a watan Satumba na 2021, sai libssl.so.1.1 ya koma libssl.so.3, kuma Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, ya zo da sabon kaɗai, har wasu tsofaffin manhajoji suka ƙi tashi. Shawarar da na fi jin haushinta a lokacin ita ce ta masu cewa a laƙaba wa sabon fayil tsohon suna, wai don a yaudari kwamfuta. Manhajar ba suna kawai take bukata ba, tana bukatar ayyukan da ke cikin tsohon fayil ɗin yadda ta san su, saboda haka ko dai ta sake ƙin tashi, ko kuma, a wasu laburaren, ta tashi ta rushe ana tsakiyar aiki, wanda ya fi muni.

Debian, ita ma nau'in Linux ce, ta daɗe da samun mafita: tana sa lambar a cikin sunan ƙunshin da ake girka laburaren da shi, shi ya sa libssl1.1 da libssl3 ke iya zama a kwamfuta ɗaya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Ina ganin ya kamata mai kula da rumbun haɗaka ya mayar wa mai shi duk fayil ɗin da ya zo da suna irin "sabo" ko "na ƙarshe", har sai ya sa masa lambar da ta dace.