Cike fom ya zama sana'ar marasa aikin yi

Duk ranar da aka ce kwastam ko 'yan sanda ko shige da fice sun buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, ku leƙa shagon intanet na unguwarku. Za ku tarar da matasa maƙil, kowa da fayil a hammata: takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, sakamakon WAEC, takardar gama bautar ƙasa. Shafin ba ya buɗuwa sai dare ya raba. Mai shago ya karɓi nasa, a buga silif, a kai gida a ce Hajiya a taya mu da addu'a. Daga nan shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba ƙarancin guraben ba ne kaɗai, kowa ya san gwamnati ba za ta iya ɗaukar kowa ba. Abin haushin shi ne a tara mutane ana cewa gasa ce, alhali an riga an raba rabon a ɗaki.

Mun manta da 15 ga Maris 2014? Mutum sama da 500,000 suka biya naira 1,000 kowannensu don neman aikin shige da fice, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Aka cusa su a filayen wasa, aka yi turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 16 suka rasu. Talaka ya biya kuɗi ya je ya mutu a layi.

A 2023 kuma, gaban kwamitin Majalisar Wakilai da ya binciki badaƙalar sayar da aiki, wani tsohon jami'in hukumar raba daidai ta tarayya ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi miliyoyin naira daga hannun masu neman aiki. Hukumar da aka kafa don kowace jiha ta samu haƙƙinta fa! To ɗan mai gadi da ya fita da sakamako mai kyau daga Bayero, ina zai samo miliyan biyu, ko wasiƙar sanata?

Sai a juyo a ce masa ya kama sana'a. Madalla, sana'a ba abin kunya ba ce. Amma masaƙun Kakuri da suka ci da dubban iyalai sun zama kufai, masana'antu da dama a Sharaɗa da Bompai an garƙame su, wuta babu, jari babu. Hukumar ƙididdiga ma ta sauya ma'auni a 2023, rashin aikin yi ya faɗo daga kashi 33.3 zuwa kashi 4.1, saboda yanzu wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ma'aikaci ne a lissafinsu.

Idan da gaske jarabawa ake yi, a liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka da makin kowa a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma. Idan kuwa guraben na 'ya'yan manya ne, a faɗa mana tun farko, yara su daina kai kuɗin cefanen iyayensu shagon intanet.