Katangarmu ta faɗi, kuma ba ruwan sama ne ya kayar da ita ba

Jiya da yamma na ratsa wani lungu a Nasarawa, nan cikin Jos, na tarar da tifa tana juye jar ƙasa a wani fili da ke kan gangara. Leburori na kwasa da shebur suna turawa jikin katangar gidan da ke ƙasa. Na tsaya na ƙare wa katangar kallo. Bulo ne inci 6, ba ginshiƙi ko ɗaya, har ta fara yin ciki. Gabana ya faɗi, don a gidanmu an taɓa yin irin wannan, kuma na san inda yake ƙarewa.

Gidanmu a ƙasa yake, filin da ke bayanmu a sama. Tun muna yara filin kango ne, awaki ke kiwo a ciki. Da mai shi ya tashi gini, ya ga ƙasar ba ta kwanta ba, sai ya yi abin da kusan kowa ke yi a garin nan: ciko. Tifa na fita tifa na shiga. Maimakon ya tayar da tasa katangar, sai ya jingina cikon da tamu, har ƙasar ta kai ƙirjin babban mutum. Na ce wa mahaifina, "Baba, wannan ƙasar fa katangarmu ba za ta ɗauka ba." Ya harare ni ya ce, "Kai dai ka cika magana. Mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci, in je in ce masa me? Bari ya gama gininsa tukuna."

Ya gama. Damunar farko katanga ta tsage daga sama har ƙasa, aka kira birkila ya shafe tsagar da siminti, aka ce an gyara. Damuna ta biyu, cikin watan Agusta, wajen ƙarfe 2 na dare, muka ji wani irin ƙara kamar an jefar da mota daga sama. Katanga ta kwanta a kan kicin ɗin mahaifiyata da akurkin kajinta, laka ta shigo har bakin ɗaki. Da a ce da rana ne, a daidai wurin jikokinta ke zama su jira tuwo.

Da asuba Alhaji, mai filin na sama, ya shigo, jikinsa a sanyaye, ya ce, "Malam, sannu. Ikon Allah. Ruwan bana ya yi yawa." Baba ya amsa da cewa, "Haka ne, Alhaji, Allah Ya kiyaye gaba."

Wannan maganar ce har yau take tsaya mini a rai. Ruwan da ya sauka a kanmu shi ya sauka a kan kowace katanga a layin, amma tamu kaɗai ta faɗi. Mun yarda da ƙaddara, amma ƙaddarar nan a bayan tifa aka kawo ta.

Katangar zagaye gida daban, katangar tare ƙasa daban, kuma mafi yawanmu ba mu raba su. Ta zagaye gida nauyin kanta kawai take ɗauka, sai ɗan bugun iska. Ta tare ƙasa kuwa dako take yi dare da rana. Ka ɗauki ƙasa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinta ya haura tan ɗaya da rabi tun kafin ta jiƙe. Kuma turin da take yi wa bango ba ya ƙaruwa daidai da tsayi. In ka ninka tsayin ciko sau 2, turin sau 4 zai ninku. Sai kuma ruwa ya shiga ya rasa mafita, ya haɗa nasa ƙarfin da na ƙasar. Shi ya sa katangar tare ƙasa ta gaskiya ake yi mata harsashi mai faɗi, a zuba kankare da rodi ko a jera dutse mai kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama, a zuba tsakuwa a bayanta, a bar ƙananan ƙofofi ko a sa guntayen bututu don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Abin dariya, na sha ganin mai gida ya sa an toshe waɗannan ƙofofin wai suna ɓata masa fenti.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana. Wanda ya taɓa ƙasa, shi zai riƙe ta. In kai ne na sama ka yi ciko, gina katangar da za ta tare cikonka, a cikin filinka, da kuɗinka. In kai ne na ƙasa ka sare gangara don tsakar gidanka ta daidaita, har harsashin maƙwabcinka ya fito fili kamar haƙoran tsoho, kai ne za ka tokare masa. Wannan na biyun ma ya fi yawa fiye da yadda ake zato, sai dai na ƙasa ya fi iya kuka. Maganar "ai katangar tamu ce mu biyu, a raba kuɗin" tana da kyau ne kawai in ƙasar a kwance take kuma ba wanda ya canja ta.

Akwai masu kawo hadisin Abu Huraira, inda Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa. Hadisi ne ingantacce, ba musu. Amma azara guda da tifa 10 ta ƙasa ba ɗaya ba ne. Annabin da ya faɗi wancan shi ya ce ba cuta ba cutarwa.

Sai maganar ruwa, wadda a Jos ta fi maganar taku ɗaya ko biyu na iyakar fili zafi. Garin nan yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, duwatsu ko'ina, kuma damuna ba ta mana wasa. Ruwa dole ya gangara. Da can yana da hanyoyinsa. Bayan rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, mutane suka yi ta ƙaura zuwa inda 'yan'uwansu suka fi yawa, unguwanni suka cika suka batse, aka yanka fili ɗaya gida biyu ko uku, aka hau kan dutse, aka sauka bakin rafi. Kowa ya ja katanga har ƙarshen abin da yake ganin nasa ne, wani ma ya ɗan ƙara da hanyar ruwa. Wanda ya ga abin da ambaliyar watan Yulin 2012 ta yi a Rikkos da Gangare, farkon azumi, rayuka sama da 30, bai kamata a tsaya ana yi masa bayanin hanyar ruwa ba.

Na sama yana sako ruwan kwanonsa da na wankinsa a gindin katangar na ƙasa, ya ce ai ruwa gangara yake bi. Na ƙasa ya toshe kafar da aka bari tun zamanin iyaye, ya ce gidansa ba kwata ba ce. Duk su biyun suna da laifi. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Dahhak ɗan Khalifa da ya so ya ratsa da hanyar ruwa ta cikin gonar Muhammad ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Sayyidina Umar ya lallashe shi, ya nuna masa cewa shi ma zai amfana kuma ba abin da zai rage shi. Da ya kafe, Umar ya rantse cewa ruwan zai wuce ko da ta kan cikinsa ne. Wancan ruwan ban-ruwa ne, namu na sama ne, amma darasin bai yi nisa ba.

To, yanzu ga inda labarin ya juyo kanmu, kuma ba na jin daɗin faɗa.

Da maganar sake gini ta taso, yayana ya ce sai an auna. Aka zauna a zauren mai unguwa, kowa ya fito da takardarsa. Tamu rubutun hannu ce, ta yi ja don tsufa: gabas iyaka da gidan wane, yamma da hanya, arewa da shingen ƙerana. Wanen ya rasu, magada sun sayar. Ƙeranar tun ina firamare aka sare ta. Ta Alhaji tana da zanen safiyo da lambobin duwatsun iyaka. Aka kira safiyo mai rajista, aka tona, aka samu dutse biyu daga cikin huɗu, ɗaya a ƙarƙashin tarkacen kicin ɗinmu. Ashe katangar da muke kuka a kanta ta shiga filin Alhaji da ƙafa ɗaya da rabi ta kusurwar baya.

Baba ya yi shiru ya daɗe. Ba shi ya ci ba, a haka ya sayi gidan, amma ya san hadisin da ke cewa wanda ya zalunci taƙi ɗaya na ƙasa za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. Ya kuma san tsinuwar da ke kan mai canja alamar iyaka. Wani dattijo Kirista da muke zaune da shi tun kafin rikici, wanda aka kira shaida, ya ce su ma a littafin Maimaitawar Shari'a haka aka rubuta, la'ananne ne mai kawar da dutsen iyakar maƙwabcinsa. Baba ya ɗago ya ce, "Alhaji, ka karɓi abinka. Ban so in kwana da shi ko dare ɗaya." Ni da na zo da baki cike da magana, sai na rasa ta faɗa.

Wannan bai wanke Alhaji ba, kuma na faɗa masa cikin ladabi. Na ce, "Baba Alhaji, ƙafa ɗaya da rabi ba ta kashe kowa, amma cikon nan saura kaɗan ya kashe." Ya ce, "Gaskiyarka, yaro."

Abin da na ɗauka daga zaman shi ne, yawancin rigimar iyaka a garin nan ba mugunta ce ta haife ta ba. Takardunmu sunan maƙwabci suke faɗa, ba sa faɗin awo. Dillali ya nuna da ƙafa, ya ce daga nan zuwa can 50 da 100 ne, a tafa, a yi addu'a. Birkila ya ja igiya daga inda ya ga dama. Ƙafa ɗaya a gefe mai tsawon ƙafa 100 kashi 2 ne cikin 100 na filin, ba ya ko cika ido, sai ranar da jikoki suka zo rabon gado. Sannan ga kunya. Muna ganin in ka ce wa maƙwabci a auna ko a rubuta, kamar ka kira shi ɓarawo ne. Sai mu yi kara a lokacin da magana ba ta da tsada, mu zo mu yi zage-zage a lokacin da ta yi tsada. Ina girmama mahaifina, amma a wannan karon kunyarsa ta kusa jawo mana makoki.

Wasu za su ce a je kotu. A je mana, in ta kama. Sai dai a sani cewa tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, shari'ar filin cikin gari mai takardar mallaka ta gwamna Babbar Kotu ke yin ta, da lauyoyinta da ɗage-ɗagenta. 'Yan sanda kuwa ba su da hurumin cewa wannan taku na wane ne, iyakarsu su kama wanda ya ɗaga adda. Ita ma JMDB, hukumar raya birnin Jos da ke ba da izinin gini, da mutane na kai mata zane kafin su yi ciko mai tsayin ƙirji, da wani abin bai faru ba. Amma mu nawa ke zuwa?

Mu dai a zaure muka gama. Alhaji ya gina katangar dutse da kankare a kan iyakar gaskiya, da kuɗinsa. Mu muka ba shi hanya ya binne bututu ta gefen tsakar gidanmu zuwa kwatar bakin titi, don ruwansa ya daina taruwa a bayanmu. Aka rubuta, aka yi kwafi uku, mai unguwa ya riƙe ɗaya, shaidu suka sa hannu, ƙanena ya ɗauki hoton duwatsun iyaka da waya. Kajin Inna dai ba wanda ya biya, har yau in ta tuna sai ta yi mita.

Jiya ban iya wucewa ba. Na yi sallama a gidan da ke ƙasan, wani magidanci ya fito, na nuna masa cikin da katangarsa ta yi, na ba shi labarinmu a taƙaice. Ya saurara da kyau, ya yi godiya, sannan ya ce, "Ai Malam, maƙwabcin nan nawa mutumin kirki ne, ba za mu samu matsala ba." Na tambaye shi wane ɗaki ne ke jikin bangon. Ya ce na yara. Na ce to don Allah, kafin hadari ya haɗu, ya mayar da su ɗakin gaba.