A nemi amincewar ma'aikaci kafin a taɓa albashinsa

Shawarar da wani labari ya kawo, cewa ma'aikata 'yan asalin ƙauyukanmu su riƙa ba ƙungiyoyin taimakon kai da kai wani kaso daga albashinsu duk wata, ta yi daidai da al'adarmu ta aikin gayya, kuma ina goyon bayanta. Mu da ke yankin Auyo da Kafin Hausa mun ga yadda ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje, kuma da akwai asusu tsayayye, da an sayi buhunan yin jinga tun kafin ruwa ya iso.

Sai dai a tuna cewa mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 ne tun 2024, ga kuɗin fansho da na ƙungiyar ƙwadago ana cirewa, ga dangi suna jiran malamin firamare ƙarshen wata. Saboda haka kada a cire ko sisi sai da sa hannun mai albashi. Manoma da 'yan kasuwa su ma su kawo nasu bayan kaka, a kuma karanta lissafin asusun a ƙofar gidan dagaci, kowa ya ji.